Wa Zai Tsaya wa Zango a Gaban Alƙali?

Duk shekara, ranar da aka fitar da sakamakon jarrabawar shiga Makarantar Lauyoyi ta Gana, wadda kowa ke kira Makola, akwai gidaje a nan Tamale da ba a barci. Ana ta jan fuskar waya sama da ƙasa, ana neman lambar ɗa ko ta 'ya. Inda aka dace, kafin gari ya waye labari ya zaga dangi, an yi guɗa, an yi sadaka. A Zangonmu kuwa shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. 'Ya'yanmu suna cikin masu rubuta wannan jarrabawa, ko da yake ba su da yawa, amma yadda suke shiga ba a sani ba, haka suke fita ba a sani ba. Wanda ya ci sai an ga hotonsa da baƙar riga da farin gashin lauyoyi sannan a fara neman dangantaka da shi. Wanda ya faɗi kuma ya haɗiye abinsa shi kaɗai, ya koma shagon mahaifinsa a kasuwar Aboabo kamar bai taɓa buɗe littafi ba. Wannan shirun muka zo yi wa magana, muna kuma sane da cewa ba za ta yi wa wasu manyanmu daɗi ba. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Bari mu fara da ƙofar kanta, domin iyaye da yawa ba su san yadda take ba, shi ya sa suke tsare yaron da ya gama jami'a da tambayar me ya hana shi fara aiki. A Gana digirin shari'a, wato LLB, rabin hanya ne. Bayan shekara huɗu a jami'a, ko biyu zuwa uku ga wanda ya riga ya yi wani digirin, sai ɗalibi ya nemi shiga Makola ya yi shekara biyu yana koyon aikin a aikace, ya ci jarrabawar fita, a shigar da shi sahun lauyoyi, sannan ya yi wata shida a ƙarƙashin wani babban lauya kafin ya tsaya da ƙafarsa. A zamanin Kwame Nkrumah aka kafa makarantar, a 1958, dokar aikin lauya ta 1960 kuma ta damƙa ragamar komai a hannun Majalisar Kula da Aikin Lauyoyi, GLC, wadda Alƙalin Alƙalai ke shugabanta. Shekaru da dama jami'ar Legon ce kaɗai ke ba da digirin, don haka babu cunkoso. Da jami'o'i suka yawaita, KNUST a Kumasi, GIMPA, Cape Coast, UPSA da masu zaman kansu, sai masu digiri suka ninka, ɗakunan Makola kuwa ba su ƙaru yadda ya kamata ba. Maimakon a faɗaɗa ɗaki sai aka ƙuntata ƙofa. A 2012 aka shigo da jarrabawar shiga.

Tarihin wannan jarrabawa tarihin rigima ne. A 2017 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Farfesa Stephen Kwaku Asare ya shigar, ta yanke cewa jarrabawar da ganawar baka da ake yi wa ɗalibai ba su da tushe a ƙa'idojin da ke aiki a lokacin. Sai aka garzaya majalisa aka yi sabuwar ƙa'ida a 2018, aka jefar da ganawar, aka halatta jarrabawar. A 2019 mutum 1,820 suka rubuta, 128 suka ci. A sake karanta wannan lissafi. Alƙaliyar Alƙalai ta wancan lokaci, Sophia Akuffo, ta fito fili ta ce muddin tana kan kujera ba za a riƙa fitar da lauyoyi kamar kayan masana'anta ba. Ɗaliban da suka fita zanga-zanga a Ankara, babban birnin ƙasa, a watan Oktoba na shekarar, 'yan sanda suka tarye su da ruwan mesa da harsashin roba. A 2021 mutum 790 aka ce sun ci daga cikin 2,824, aka bar wasu 499 a waje alhali sun sami rabin maki a jimla, wai sai an sami rabi a kowane ɓangare na takardar, sharaɗin da ɗaliban suka ce ba a gaya musu ba sai bayan an ajiye alƙalami. Sai da magana ta kai majalisa da fadar shugaban ƙasa kafin aka ɗauke su. A 2022 kuma tambayoyin suka ɓulla a wayoyin mutane kafin a shiga ɗakin jarrabawa, dole aka soke takardar aka sake wata.

Ba mu da wata kunya wajen faɗin ra'ayinmu a kan wannan ƙofa: ta takura kowa, amma ta fi takura ɗan Arewa. Makarantar tana da rassa a Ankara da Kumasi, ba ta da ko ɗaya a yankunan Arewa guda biyar, ko da yake jami'o'inmu na Tamale da Wa sun buɗe sashen shari'a. Daga nan zuwa Ankara kusan kilomita 600 ne, tafiyar dare guda a babbar mota. Manyan ɗakunan karatu, da azuzuwan bita da ake biya, da lauyoyin da suka san yadda masu tambaya ke tunani, duk suna can Kudu. Ɗan mai hali idan ƙofa ta ƙi buɗuwa sai ya bi ta bayan gida, ya tafi Gambiya ko Ingila a kira shi lauya a can, ya dawo ya yi ɗan gajeren kwas ya shige. A Nijeriya makarantar lauyoyi tana da reshe a Bagauda ta Kano da wani a Yola, ɗan Arewa ba ya bukatar ƙetare ƙasa kafin ya zauna a aji. Abin da ya yiwu a Bagauda babu dalilin da zai hana shi yiwuwa a Tamale, kuma duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'ar Zango ya kamata ya ji wannan tambaya kafin a ba shi ruwa.

To, amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mutanen Makola ba su san mu ba, ba su kuma yi mana alkawarin komai ba. Waɗanda suka san yaron tun yana rarrafe, suka bar shi ya tunkari wannan ƙofa shi kaɗai, su ne abin tuhuma.

Akwai masu cewa a kwantar da hankali, gyara na tafe. Gaskiya ne, a 2025 Antoni Janar Dominic Ayine ya fito da shirin kawar da babakeren Makola, a bar jami'o'i su koyar da ɓangaren aiki, sannan kowa ya rubuta jarrabawar lauyoyi guda ta ƙasa. Muna maraba da shi. Sai dai mai wannan magana ya lura cewa shingen matsar da shi aka yi daga bakin ƙofa zuwa tsakar gida. Jarrabawa tana nan, da Turanci za a rubuta ta, agogo yana tafiya, kuma wanda ya fi shiri shi zai wuce. Duk abin da za mu faɗa a nan yana kan jarrabawar shiga, yana kuma kan wadda za ta gaje ta.

Sai kuma masu maganar da ta fi yi mana ɓarna, domin a zaure ake yin ta, cikin murya mai sanyi, da carbi a hannu. Wai lauya maƙaryaci ne, cin abincinsa mai da ƙarya gaskiya. Wai dokar Gana dokar Nasara ce, wanda ya karanta ta ya kama hanyar hukunci da abin da ba shari'ar Musulunci ba. Yaro ya dawo da takardar shiga sashen shari'a, maimakon a sa masa albarka sai kawu ya girgiza kai ya ce, ai da aikin asibiti ka nema.

Muna girmama malamanmu, kuma da littattafansu za mu amsa. Duk wanda ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kai Risala da Muhtasar ya san cewa fikihun Malikiyya yana da babin wakilci, kuma wakilci a husuma, wato mutum ya naɗa wanda zai yi magana a madadinsa gaban alƙali, abu ne sananne da malamai suka shimfiɗa wa sharuɗɗa. Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da shi, bai tsallake wannan babi ba. Abin da aka hana shi ne mutum ya tsaya wa ƙarya yana sane, kuma wannan hani yana kan lauya kamar yadda yake kan dillalin shanu da mai awon masara. Ba mu taɓa jin an hana yaro kasuwa don wasu 'yan kasuwa suna tauye mudu ba. Sannan a tuna da hijirar Habasha. Musulmi 'yan tsiraru ne a ƙasar wani sarki mai wani addini, Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan Asi da kyaututtuka ya nemi a miƙa su. Abin da ya tsirar da su shi ne a cikinsu akwai Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, wanda ya san yadda ake tsara hujja a fadar da ba tasa ba, ya kuma san abin da zai shiga kunnen Najjashi. Da a ce Musulmin nan sun ce fadar ba ta Musulunci ba ce don haka ba za su yi magana a cikinta ba, da an ɗaure su an mayar Makka. Mu ma 'yan tsiraru ne, kuma fadar da ake yanke mana hukunci a cikinta ba ta jiran yardarmu kafin ta zauna.

Mai ƙyamar dokar ƙasa ya sani cewa dokar ba ta ƙyamarsa, tana cikin ɗakinsa. Mu ɗauki aure. Dokar auren Musulmi ta 1907, wadda har yau take aiki, ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda da ɗaura shi, ango da waliyyi da shaidu biyu da limami mai lasisi su bayyana gaban mai rajista. Idan mako ya wuce sai an nemi izinin Babbar Kotu. Aure nawa aka ɗaura a Zango bana, nawa aka kai rajista? Kowa ya san amsar. Auren da ba a yi wa rajista ba, ranar da rigima ta kai kotu, ba a matsayin auren Musulunci doka za ta dube shi ba, galibi auren gargajiya za a ɗauke shi.

Gado ya fi wannan zafi. Tun 1985 dokar rabon gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, wadda aka fi sani da doka ta 111 ta zamanin PNDC, take hawa kan kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Ta ba matar mamaci da 'ya'yansa kayan ɗaki da gida guda. Abin da ya rage ta raba shi kashi 16: mata ko miji 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, sauran 2 a bi al'ada, kuma ba ta bambanta ɗa da 'ya. Muddin magada sun yarda da rabon malam, lafiya lau. Ranar da mutum ɗaya ya ƙi, ya tafi kotu, lissafin malam ya tashi. Akwai mafita a cikin dokar kanta, domin dokar wasiyya ta 1971 ta ba mutum damar rubuta yadda yake so a raba dukiyarsa, da sa hannunsa da shaidu biyu. Alhajin da ke son a raba gadonsa bisa ƙa'idar Musulunci yana bukatar wanda ya san ilimin gado ya kuma san yadda ake tsara wasiyyar da kotu ba za ta rushe ba. Wane ne ya fi dacewa da wannan aiki in ba yaron da ya tashi a makarantar allo ya wuce Makola ba? Ashe wanda ya hana shi karatun lauya da sunan kare addini, shi ne ya bar gadon Musulmi a hannun dokar da yake gudu.

Ƙasa kuma fa? Mu baƙin Dagbon ne a al'adance, ko da kakannin wasunmu sun baro Salaga tun bayan yaƙin 1892, kafin Turawa su mai da Tamale hedkwatar Arewa a 1907. Filayen nan na sarakunan gargajiya ne, tsarin mulkin 1992 ya mayar musu da su. Takardar da fada ke ba mai sayen fili matakin farko ce kawai, sai an yi yarjejeniyar haya an kai Hukumar Filaye an yi rajista kafin mutum ya kwana da ido biyu rufe. Gidaje nawa a Zango da Sabonjida suke tsaye a kan takarda guda da ta sha ruwa, ko a kan cewa kowa ya san na kakanmu ne? Yanzu da gari ke faɗaɗa, fili ya zama zinariya, kowa ya sani ba hujja ba ce a gaban alƙali. Tsarin mulki ya kuma ce wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya riƙe fili fiye da shekara 50, don haka duk wanda ya sa alamar tambaya a kan zamanka ɗan ƙasa ya sa ta a kan gidanka.

Nan ne tsohon miki yake. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasa. Dubun dubatar mutane suka fita, aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, kuma cikin waɗanda aka loda a motoci har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Tsofaffinmu suna ba da labarin da hawaye, amma ba su cika faɗin cewa a ranar Zango yana da attajirai da malamai da sarakuna, abin da ya yi masa ƙaranci shi ne masu iya buɗe littafin doka su ce wannan ɗan ƙasa ne, ga sashen da ya ce haka. Yau ma wanda ya je yin katin ɗan ƙasa da suna irin namu ya san kallon da ake yi masa da tambayar garin kakansa. Tsarin mulki ya ce wanda aka haifa bayan fara aikinsa ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. A 2020 kuma Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba ta tabbatar da zama ɗan ƙasa. Irin waɗannan hukunce-hukunce a kanmu suke sauka kafin kowa, kuma ana yanke su ne a ɗakin da ba kasafai ake jin muryarmu ba.

Ko abin da ya fi wannan sauƙi. An kama yaro ranar Juma'a da yamma, an ce sai Litinin. Doka ta ce a kai shi kotu cikin sa'a 48 ko a sake shi, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 2019, a ƙarar lauya Martin Kpebu, cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu suna cikin lissafi. Mu kuwa sai mu tara dattawa mu tafi roƙo, a roƙi abin da haƙƙi ne.

Maƙwabtanmu sun gane wannan tun da wuri. Haruna Iddrisu, ɗan majalisar Tamale ta Kudu, lauya ne. Inusah Fuseini, wanda ya daɗe yana wakiltar Tamale ta Tsakiya, lauya ne. Alhaji Muhammad Mumuni na Kumbungu, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, lauya ne. Dukkansu Musulmi ne, babu wanda ya ce sun bar sallah. Sai a 2020 Musulmi na farko ya hau kujerar Kotun Ƙoli, Mai shari'a Issifu Omoro Tanko Amadu, fiye da shekara 60 bayan samun 'yancin kai. Kuma da maganar hana 'yan mata Musulmi azumi da sallah a makarantar Wesley Girls ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wa'azi da rubuce-rubucen Facebook ba su kai ta Kotun Ƙoli ba, lauya Shafic Osman ne ya rubuta ƙara ya kai ta.

Yanzu mu zo kan shirin, domin nan ne iyaye suka fi jahiltar abin da ake nema daga ɗansu. Tambayoyin suna fitowa daga darussan da aka yi a jami'a, irin su tsarin mulki, tsarin shari'ar Gana, dokar laifuka, dokar yarjejeniya, dokar filaye, da dokar cutarwa da diyya. Ɗalibi zai san dokar laifuka ta 1960 da dokar filaye ta 2020 kamar tafin hannunsa. Zai san shari'ar Akoto ta 1961, inda J. B. Danquah ya tsaya wa Baffour Akoto da mutum bakwai da aka tsare ba tare da shari'a ba, kotu ta juya musu baya, ya kuma san yadda tsarin mulkin 1992 ya toshe wannan kafa. Zai san shari'ar Tuffuor ta 1980 da ta koyar da yadda ake fassara tsarin mulki, har da tsohuwar shari'ar nan ta Birtaniya ta 1932, ta matar da ta ce ta tarar da dodon koɗi a kwalbar abin sha, wadda aka gina dokar sakaci a kanta.

Wajen hadda babu wanda zai gwada wa yaranmu. Wanda ya haddace izu sittin ba zai ji tsoron sassan doka ba. Sai dai mai duba takarda ba tilawa yake saurare ba. Labari ake ba ɗalibi, wane ya sayar wa wane fili, sarki ya rasu, magajinsa ya sake sayarwa, sai a ce ba da shawara. Dole ya tsamo mas'alar da ke ɓoye a labarin, ya kawo dokar da ta dace da hukuncin da aka taɓa yankewa, ya ɗora su a kan wannan labari, ya fitar da matsaya, duk cikin 'yan mintoci. Abin sha'awa, wannan shi ne ainihin aikin mai fatawa, kuma ɗalibin zaure da ya saba da idan kaza ya faru mene ne hukunci ya riga ya sami rabin horon. Inda gizo ke saƙa shi ne harshe da lokaci. Yaronmu ya tashi da Hausa a gida, Dagbanci a titi, Larabci a makaranta, wataƙila Tonanci a tasha, Turanci ne na ƙarshe a layi. Yana iya fahimtar doka sarai amma hannunsa ya kasa zubo ta da Turanci mai tsabta kafin a ce a ajiye alƙalami. Maganin wannan guda ne: ya rubuta amsar tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa, kullum, wata da watanni, wani wanda ya sani ya duba ya yi masa jan biro ba sani ba sabo. Karatun rukuni yana da amfani idan mutum uku ne ko huɗu masu tsare juna, idan ya wuce haka ya zama majalisar shayi.

Wannan kuwa yana son abin da gidajenmu ba sa bayarwa, wato a ƙyale mutum. A 'yan shekarun nan tsakanin Yuli da Satumba ake rubuta jarrabawar, ke nan watannin da suka gabace ta ba na yaron ba ne, na littafi ne. Amma a gidan Zango mai digiri shi ne ɗan aike. Shi zai kai Hajiya asibiti, shi zai tsare shago idan Alhaji ya tafi Kumasi sayo kaya, shi zai cika wa kowa fom, shi zai wakilci gida a suna da jana'iza da ɗaurin aure har Yendi da Salaga. Idan ya rufe ƙofa a ce girman kai, boko ya ɓata shi. Abokin takararsa a Legon yana ɗakin karatu tun safe har dare, an kawo masa abinci. Ranar da sakamako ya fito kuma, waɗanda suka cinye masa lokaci su ne za su fara cewa ai dama ba rabonsa ba ne. Rabo gaskiya ne, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wani tarko da ke kama namu fiye da na kowa tun wajen cika fom, shi ne suna. Takardar sakandare ta ce Abdul-Rahman, digiri ya ce Abdulrahman, katin ɗan ƙasa ya ce Dramani, ranar haihuwa ma wani lokaci biyu ce, domin malamin firamare ne ya ƙiyasta ta. Wajen da ake horar da lauyoyi ba a wasa da irin wannan. Gyaransa yana bukatar takardar rantsuwa da bugawa a gazet ɗin gwamnati, kuma yana cin lokaci. Wanda ke aji uku a jami'a ya jera takardunsa yau ya duba harafi bayan harafi, ya nemi cikakken sakamakonsa daga jami'a da wuri, ya tabbatar ya ci dukkan darussan da GLC ta wajabta, kada ya jira sai an buga sanarwa.

'Ya'ya mata kuwa nasu ya ninka. Yarinya ta gama LLB tana da shekara 23, sai a fara lissafin cewa in ta ƙara biyu a Ankara wa zai aure ta, kuma wa zai zauna da matar da ta iya gardama. Mata uku sun riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Gana, farawa da Georgina Wood a 2007. A Nijeriya Aloma Mukhtar ta riƙe irin wannan kujera a 2012. Mai tsoron suturar aikin ya tuna da Firdausi Amasa, wadda aka hana shiga sahun lauyoyi a Abuja a 2017 saboda ta ƙi cire hijabi, ta tsaya kan bakanta, aka shigar da ita da hijabinta a 2018. Bazawarar da dangin miji suka kora daga gida da marayu, akwai abin da ba za ta iya faɗa wa lauya namiji ta bakin tafinta ba, za ta faɗa wa 'yar Zango da Hausa cikin minti biyar.

Saura maganar kuɗi, kuma a nan ba za mu sassauta ba. Kada wani ya ce Zango ba shi da hali. Mun ga abin da ake kashewa a bikin aure guda, daga anko zuwa mawaƙa zuwa kuɗin da ake liƙi ana takawa. Mun ga jerin gwanon motocin tarbar alhazai, mun ga mai zuwa Umra kowace shekara alhali ɗan ƙanensa ya ajiye takardar Makola saboda kuɗin makaranta da hayar ɗaki a Ankara. Dukiyarsu ce, ba mu hana kowa ba. Amma al'ummar da ta iya haɗa kuɗin tanti da lasifika cikin kwana uku ba za ta ce ta kasa ɗaukar nauyin ɗalibai biyu ko uku a shekara ba. Malamai sun koya mana cewa sana'ar da jama'a ba sa iya rayuwa sai da ita farilla ce ta kifaya, idan babu mai yi laifin yana kan kowa. Muna jiran limamin da zai hau mumbari ya sa aikin lauya a wannan sahu, kusa da likita da ungozoma. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya sa ilimi cikin ayyukansa, kuma wanda bai rubuta ya nema ba ba shi da bakin cewa an hana shi.

Abin da muke nema daga fadar Sarkin Zango da kwamitocin masallatanmu bai fi ƙarfinsu ba. A san yaranmu da ke karatun shari'a a Tamale da Wa da Kumasi da Ankara, da sunansu da ajinsu, maza da mata. A ware ɗaki guda mai wuta da fanka da teburi, a zuba masa littattafan doka da tsofaffin tambayoyi, a ba wani dattijo mabuɗi wanda zai kori duk mai zuwa aiken ɗalibi. Lauyoyinmu ƙalilan da suka riga suka haye, da na maƙwabta masu son mu da alheri, a je musu da girmamawa a roƙi yammacin Asabar guda a wata su duba rubutun yara. A buɗe asusu mai mutum uku masu sa hannu, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, domin mun san abin da ya kashe asusun da suka gabata. Kuɗin fom da na mota da na masauki a fitar da su tun kafin sanarwa ta fito. Wanda ya faɗi a karon farko kuma, kwamiti ya je gidansu a makon, ya zauna da mahaifinsa, a biya masa fom na shekara mai zuwa.